Ƙofar da Na Ƙera wa Kawu

Ranar da aka yi wa Kawu addu'a ba wanda ya zauna kusa da wani. Lokacin kullen annoba ne a Kuala Lumpur, kowa yana ɗakinsa, sai ƙananan fuskoki a jere cikin waya. Matan zumunta suka ɗauko waƙa, muryoyin ba su haɗu ba, wata ta riga wata, a haka aka kai ƙarshe. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato ta yi ta kuka har aka kashe mata magana. Wani ɗalibi ya ce duk Asabar sai Kawu ya kira shi ya ce, "Ka makan?", wato ko ya ci abinci, in ya ce e, sai ya ce to faɗa mini abin da ka ci.

Alhaji ma ya shigo. Abokin Kawu ne, Bakano mai sayar da yadi a Jalan Masjid India. Musulmi ne, bai san waƙoƙinmu ba, ya zauna da hularsa har aka gama. Da aka ba shi magana cewa ya yi, "Shekara tara muna gardama da Malam, bai kayar da ni ba, ban kayar da shi ba. Yanzu da wa zan yi?" Ya kawar da fuska.

Sai 'yar Kawu ta yi magana daga gida Najeriya. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta kirana da komai sai Baƙin Maƙeri. Ran nan "ɗan'uwana" ta ce. Ta ce da ba don ni ba da mahaifinta ya mutu a kulle ba wanda ya sani, ni na yanke ƙofar ƙarfe aka fito da shi. Ta ce Allah ya saka mini, kowa ya ce amin. Na kife wayar a kan katifa.

Gaskiya ne na yanke ƙofar. A rana ta huɗu na yanke ta. Akwai kwana uku kafin nan, kuma a lokacin ba wanda ya san su sai ni da Alhaji. 'Yarsa ta fi kowa haƙƙin sani, ni kuma na bar ta tana yi mini godiya. Ku da kuka ce amin ran nan, ku nake rubuta wa wannan. Amma bari in fara da shi, don bai kamata a san shi ta wurin laifina kaɗai ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mu Kiristoci ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, gidan maƙera. Duk namijin gidanmu masaba ya riƙe, shi kaɗai ya riƙe littafi. Ya koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki har ya yi furfura. Bayan matarsa ta rasu wata ƙaramar kwaleji a nan ta ɗauke shi koyarwa, ya kama gida a wani bene kusa da Jalan Semarak. Ni kuma ina da maƙera a birni, har aka yi wani rikici aka ƙone ta, aka kashe matata da ciki wata bakwai. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Kawu ya yi ta faɗi-tashi har ya kawo ni nan. Na samu aikin walda a shagon wani ɗan China, na kama ɗaki a Chow Kit. Takarduna na zama sun ƙare tun shekara ta biyu, na ci gaba da zama a haka.

Gajere ne, kunnensa na hagu ba ya ji, don haka in kana magana sai ya karkato maka da dama kamar kaza tana kallon shaho. Kullum la'asar yana shagon mamak, wurin Indiyawa masu shayi, kujera ɗaya. Sai ya ce kada a sa masa sukari, likita ya hana, sannan ya miƙa hannu ya kurɓi na wanda ke kusa da shi. Bai taɓa riƙe lema ba, duk ruwan garin nan. In an yi masa magana sai ya ce, "Ni ba gishiri ba ne." Shi ya koya mini karatu da rubutu ina da shekara arba'in, a kan teburin nan na shayi, kuma bai taɓa yi mini dariya ba.

Yana da wani aiki da ya ci rabin rayuwarsa. Littafi yake rubutawa da Hausa, a cikin littattafan rubutu irin na 'yan firamare, don ikkilisiyoyin ƙauye. A kan wasu sufayen Kirista ne na zamanin da, a Turai da ƙasar Girka, shekaru ɗaruruwa kafin Bature ya san hanyar ƙasarmu. Suna zaune a gidajen ibada, suna rubutu a kan fata. Kawu ya ce sun koyar da abin da mu ba a koya mana ba. Mu an ce mana Almasihu ya zo ya ɗauke zunubinmu, mu dai mu lallaɓa kada mu faɗa wuta. Su kuma suka ce wannan farkon maganar ne kawai. Allah ya sauko ya ɗauki jikin mutum ne don ya ɗaga mutum ya shigar da shi cikin rayuwarsa, har mutum ya ɗauki halin Allah, ya zama ta wurin kyauta abin da Allah yake tun asali.

Ranar da na fara jin wannan na ce, "Kawu, wannan ba saɓo ba ne?"

Ya ce, "Haka ni ma na ce shekara talatin da suka wuce. Gobe zan zo shagonku."

Ya zo da tsakar rana da littafinsa a aljihu. Ya ce sufayen nan suna yawan kawo misali da ƙarfe a cikin wuta, amma yana zaton ba wanda ya taɓa riƙe awartaki a cikinsu. "Hannunsu laushi ne, irin nawa. Kai ka nuna mini ko sun yi daidai."

Na kama guntun rodi da awartaki, na kunna wutar gas. Na ce masa da farko ba ka ganin komai, baƙi yake kamar yadda yake, amma taɓa ka sha mamaki. Can sai tsatsa da dauɗa su fara ɓantarewa. Sai ya yi ja mai duhu kamar goron da aka tauna, ya wuce ya yi kamar kwaiduwa, sannan ya kusa fari, har ido ba ya raba shi da harshen wutar.

Ya ce, "Yanzu ƙarfe ne ko wuta?"

"Ƙarfe ne."

"Amma yana ƙona."

"Sa yatsa ka ji."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na janye ƙarfen daga wutar, muna kallo ya koma ja, ya koma baƙi. Na ce zafin ba nasa ba ne, sai yana ciki yake da shi. Ya tsuguna ya ɗora littafin a gwiwa yana rubutawa. Na ƙara masa wani abu. Na ce in ka bar shi ya wuce fari, tartsatsi zai fara yi, ya ƙone, ba ya sake moruwa. Ya ɗago kai. Ya ce a cikin mutanen nan akwai waɗanda suka kai maganar har suka ce babu sauran bambanci tsakanin ran mutum da Allah, shugabannin ikkilisiya suka kira su su amsa tambayoyi. Ya ce na ƙasar Girka sun fi taka-tsantsan, cewa suka yi zafin da hasken ne ke shiga mutum, ainihin zatin Allah kuwa ba halittar da ke taɓa shi. "Waɗancan sun bar ƙarfen ya wuce fari," in ji shi. Maigidana yana kallonmu daga nesa, ya ɗauka tsohon ciniki ya kawo.

Alhaji bai taɓa yarda da maganar ba. Duk haɗuwarsu a wurin shayi sai an taɓa ta.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Ka tsufa kana wasa da shirka."

"Alhaji, in ɗanka ya ɗauko halinka, ya zama kai ke nan?"

"Wane ɗan? Wancan da ko asuba sai an zuba masa ruwa?"

"To ka gani, ɗaukar halin ma ba sauƙi."

"Sha naka shayin, ka bar mini nawa."

Ni da shi faɗanmu ba na wasa ba ne. Wata rana na gaji da jin zancen, na ce masa mutanen da suka kashe matata na san biyu a cikinsu, na taɓa ƙera musu fartanya. Na ce namu ma na ga abin da suka yi a layin baya, har da masu waƙa a coci. Na ce, "Su ma Allah yana nufin ya mai da su kamarsa?"

Ya karkato da kunnen dama. Sannan ya ce, "Har su."

Na miƙe. Na ce masa ya zauna cikin littafi duk rayuwarsa, bai taɓa jin ƙaurin naman mutum ba, shi ya sa yake da bakin magana. A gaban Alhaji na faɗa, ga ƙanin uwata. Wata huɗu ban gaishe shi ba.

Shi kuwa duk Laraba sai ya zo shago da tapau, shinkafa a ƙunshe daga wurin mamak. Ya kife bokitin fenti ya zauna cikin ƙarar injuna da hayaƙi, ba ya cewa komai, ni ma ba na kallonsa. In na tashi cin abinci yana nan, in na gama ya tafi. A wata na huɗu ya yi magana. Ya ce, "Ban janye ba. Amma ka tambaye ni da ciwo, na amsa maka da karatu. Wannan laifina ne." Na ci gaba da goge ƙarfe. Ya ce, "Ka san abin da ke ba ni tsoro a koyarwar nan? Kowa hawan yake kallo. Ni saukowar ce ke hana ni barci. Allah bai tsaya daga nesa ya aiko da gaisuwa ba, ɗakin da muke kwance ya shigo. Duk wanda zai ɗauki halinsa daga nan zai fara, ni kuma matsoraci ne."

Ran nan ya ce in yi masa ƙofa, ɓarayi sun shiga gidan maƙwabcinsa. Na san hanyar sulhu ce yake nema, na karɓa. Ban taɓa yin ƙofa irinta ba. Raga ce ta ƙarfe mai kauri a gaban ta katako, na rufe wurin kwaɗon da akwati ta ciki yadda almakashin ɓarawo ba zai kai ba. Da na kafa ta na ce, "Kawu, wannan ko aljani sai ya yi sallama." Ya yi ta nuna wa mutane ita.

Sai cutar ta zo. Aka rufe shago, aka rufe kwaleji, 'yan sanda suka kafa shinge a manyan tituna. Wasu unguwanni aka zagaye su da waya mai ƙaya, ana kwashe baƙin da ba su da takarda a manyan motoci. Maigidana ya ce in tafi da injin yankan ƙarfe ɗakina kada a sace. Na zauna a Chow Kit kamar ɓera.

Wata Litinin da safe Kawu ya kira ya ce zazzaɓi yake ji, ba ya iya girki. Na yi masa tuwon semo da miyar kuka, na bi lunguna a ƙafa har benensu. Na buga ƙofa. Daga ciki ya ce, "Rataye ka tafi, kada in shafa maka." Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Na rataye ledar a jikin ragar na tafi. Wannan ranar ba na ƙirga ta da nauyi sosai.

Talata na dawo da wata ledar. Ta jiya tana nan a rataye, ba a taɓa ta ba, har ta fara tsami. Mutum ne da bai taɓa barin abinci ya lalace ba. Na buga, na daɗe, sannan na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa.

"Kawu, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Ni Bahaushe ne, na san abin da wannan amsar take. Dattijo a wurinmu ba ya cewa jiki ya yi tsanani. Mahaifiyata, yayarsa, da sauƙi ta ce mini da safen ranar da ta rasu. Mai gaisuwa ne ake sa ran zai duba da idonsa, ba a jiran mara lafiya ya faɗa. Na sani sarai. Amma na karɓi amsar kamar ban san al'adar ba, don ita ce ta ba ni hanyar tafiya. Na tsaya ina kallon ƙofar da na yi. Na san inda zan sa inji ta faɗi. Na kuma san ƙarar za ta kawo maigadi, maigadi ya kira 'yan sanda, su kuma su ce ina takarda. Ina tsoron motar nan, ina tsoron cutar ma, ba zan ɓoye ba. Ko waya ban yi wa kowa ba, don duk wanda na kira zai ce in tsaya a wurin. Na rataye leda ta biyu kusa da ta farko.

Laraba na kawo ta uku. Na buga, ba a amsa ba. Na kara kunne a ragar, na ji tari, sai wani numfashi kamar zuga-zugin da ya huje. Na ce a raina barci yake yi. Na rataye na sauka da sauri.

Alhamis da hantsi Alhaji ya kira ni. Kwana biyu yana kiran Kawu ba a ɗauka, sai ya fito. Ya haura sittin, yana da ciwon sukari, ya ratsa shinge biyu yana roƙon 'yan sanda. Ya ce, "Ina ƙofar Malam. Ɗauko injinka ka zo yanzu."

Na zo. Maigadin benen, wani ɗan Nepal, ya hawo da jin hayaniya. Ya dube mu, ya karɓi wayar injin ya jona mini a soket ɗin baranda. Na sa inji a wuri biyu, minti uku ba su cika ba ƙofar ta kwanta. Ta katakon kafaɗa ɗaya ta ishe ta.

Kawu yana ƙasa tsakanin gado da ƙofa, makulli a hannunsa. Leɓɓansa sun yi baƙi. Alhaji ne ya fara shiga, da ɗan ƙyalle a hanci, ya zauna a ƙasa ya ɗora kan Kawu a cinyarsa yana ɗiga masa ruwa, yana cewa, "Malam, ba ka isa ka gudu ba, ba mu gama ba." Ni ina bakin ƙofa da inji a hannu. Sai daga baya na shiga. Kawu ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi ragar a ƙasa. Ya ce, "Ka ɓata ƙofarka." Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini.

Kafin motar asibiti ta iso, Alhaji ya kwance ledojin nan uku daga jikin ragar, ya kai su wurin shara. Ya dube ni sau ɗaya, har yau bai tayar da maganar ba. Masu motar suka ɗauke shi. Ba wanda ya tambaye ni takarda, ko sunana ba a tambaya ba.

Bayan kwana biyu ya rasu a asibiti, ba kowa nasa a kusa. Mutane masu fararen kaya ne suka binne shi a maƙabartar Kirista a bayan gari, mu biyar muna kallo daga bayan shinge.

Mako uku bayan addu'ar 'yarsa ta aiko ta ce in ba ta labarin kwanakinsa na ƙarshe, za a karanta a cocin ƙauye. Na kira ta ran Lahadi da rana.

Ta ce, "Baƙin Maƙeri, yau ka tuna kana da uwargijiya?"

Na ce, "Zauna, akwai magana."

Na faɗa mata duka, Litinin, Talata, Laraba, ledoji, makullin da ke hannunsa. Ban sa wa maganar mai ba.

Ta ce, "Injin yana ɗakinka tun ranar farko?"

"Yana nan."

"Ranar Laraba ka ji numfashinsa?"

"Na ji."

"Ka sauka."

"Na sauka."

Ta ce, "Na sa yarana sun yi maka addu'a da sunanka." Ta kashe wayar.

Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ta ba. Sannan ta turo saƙon murya. Ta ce, "Ban yafe maka ba, ban kuma sani ba ko zan iya. Amma ni ba ni da hanyar zuwa, kai kaɗai gare shi a ƙasar nan. Ka tattara littattafansa, kada ka bar ko ɗaya, ka ba Alhaji ya ajiye. Kabarin kuma ka riƙa zuwa, an ce mini can ruwa ba ya ɗaukewa, ciyawa za ta cinye shi. In ka share ka ɗauki hoto ka turo mini. Kada ka yi magana, hoton kawai."

Littattafan suna shagon Alhaji, a saman kanta tsakanin bandiran yadi. Allah ya ba Kawu hutawa, ya kai shi har inda ya ce an nufa mutum ya kai, ya ba 'yarsa haƙurin da ban cancanci in roƙa mata ba.

Da aka sassauta kullen na fara zuwa. Mota biyu ake hawa, akwai shingen 'yan sanda a hanya wani lokaci, ina bi ta gabansu. Ciyawar tana fitowa da sauri kamar yadda aka gaya mata. Lahadin da ta wuce na tura hoto na tara. Ta buɗe shi, ba ta ce komai ba.